Mako Biyun Da Ba Ya Gida

Mai Rijiya ake ce masa, ko da yake ya daɗe rabonsa da ɗaura igiya a ƙugu ya sauka rami. Da diga da kwando ya fara, a hannun kawunsa, tun gemu bai tsiro masa ba. Da zamani ya kawo injin haƙar burtsatse, sai wani kamfani ya ɗauke shi, ya yi shekaru yana saɓa bututu a kafaɗa, daga baya aka damƙa masa injin sukutum, da mutanen da za su yi aiki a ƙarƙashinsa. Mutum ne gajere, mai faɗin ƙirji, mai ƙarancin magana, wanda kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda rurin inji. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a duniya: bai taɓa ɓata ƙirga ba.

Ga yadda aikin yake. Bututun haƙa duk tsawonsu ɗaya, ana ɗaura wani a kan wani yayin da bakin ƙarfe ke nutsewa. Duk bututun da ya shige, sai a ɗebi abin da ramin ya amayo a dunƙule, a ajiye a jere a gefe: jar ƙasa, farin yashi, yumɓu, tsakuwa, baƙin dutse da aka niƙe ya zama gari. Wanda ya iya duba wannan jeren ya san zurfin da aka kai, ya san inda ruwa yake kwance. Kuma akwai ƙa'idar da ba ta da togaciya, wadda yake maimaita wa duk sabon ma'aikaci: ana fara ƙirga daga inda bakin ƙarfe ya taɓa ƙasa. Abin da ke sama da nan iska ce, kuma ba mai hankalin da ke ƙirga iska.

Matarsa tela ce. Ɗaki biyu suke haya a bene, a saman shagon masu faci, inda warin roba da ƙarar famfon iska ke hawowa tun safe. Keken ɗinkinta yana bakin taga, kusa da dogon madubin da mata ke juyawa a gabansa suna duba zaman riga a kafaɗa. A ƙasa kuwa ƙyallaye ne ko'ina, da wani maganaɗisu ɗaure da zare da take ja a daɓe yana tsinto mata allurai. Duk abin da aka rage masa na magana, ita aka ƙara wa. Tana ɗinki tana taya mai talla ciniki ta taga, tana yi wa maƙwabciya tsiya ta bango, in babu kowa ta yi da keken. Injiniya take kiransa, domin ta san yana jin daɗin sunan yana kuma nuna kamar bai ji ba.

Shekara takwas suka yi babu haihuwa, babu ko ɓatan wata. Ita ta je asibiti, aka duba ta ciki da bai, aka ce ba a ga komai ba, a turo maigidan. Sau ɗaya ya je. Ya kai har ƙofar ɗakin gwaji, ya hango 'yar robar da za a miƙa masa, ya juya ya sauko, ya ce mata layi ya yi tsawo. Ba ta sake tayar da zancen ba. Amma tun daga ranar wani abu ya zauna masa a ƙasan zuciya, irin dutsen da bakin ƙarfe ke tararwa a zurfi: ba a ganinsa, sai dai a ji inji ya sauya murya.

A shekara ta tara kamfani ya tura su aiki mai nisa, jerin rijiyoyi a ƙauyukan da hanya ba ta kai ba sai da jan hali. Wata huɗu bai leƙo gida ba. Ranar wata Asabar ya dawo, ya rame ya yi baƙi, da jaka cike da tufafi masu laka. Ta buɗe ƙofa, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tare hanya da hannu.

"Malam, wa kake nema? Maigidan ya yi tafiya."

"Matsa mini, na gaji."

"In ji wa? Mijina fari ne tas, Injiniya ne. Kai kuwa kamar an tono ka."

Ya yi dariyar da ya kwana biyu bai yi ba.

Bayan wata ɗaya da 'yan kai, wata rana da hantsi, yana zaune yana ɗaure igiyar takalmi, ta tsayar da keken ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Injiniya, na je asibiti jiya. Sun ce mu biyu ne a kujerar nan." Da ya tashi yin magana, abin da ya iya faɗa kawai shi ne a daina ɗauko ruwa daga ƙasa, shi zai riƙa hawowa da shi.

Ta fara zuwa awo, tana dawowa tana biya masa karatun da ungozoma ta yi musu, kamar ɗalibar da ke tsoron jarrabawa. Komai da lokacinsa, in ji ta. Jini tun da wuri. Hoton farko tsakanin mako na sha ɗaya da na sha huɗu: a nan suke auna tsawon ɗan, su auna wani ɗan ruwa da ke ƙeyarsa, su haɗa da gwajin jini, in wannan lokacin ya wuce, awon ƙeyar ya wuce ke nan. Babban hoto kuma sai wajen mako na ashirin, a duba zuciya da ƙashin baya da sauran gaɓoɓi. Wannan tsari ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya gyaɗa kai ya ce mutanen nan sun san aiki.

Ranar hoton farko shi ya raka ta. Ya zauna a dogon bencin baranda, tsakanin wani mai gyangyaɗi da wani mai latsa waya, yana kallon ƙofar da aka liƙa wa baƙin labule. Da ta fito, fuskarta kamar an kunna fitila, ta miƙa masa wata 'yar takarda mai santsi, baƙa, da wani farin abu kwance a tsakiya kamar ƙwayar wake a gindin kwano.

"Ga kai, ga ƙafa. Ka ji bugun zuciyar kuwa? Kamar injinku. Mako goma sha biyu cif, in ji mai hoton."

Hannun da ya saba da ƙirga ba ya jiran izini. Suna sauka daga matakalar asibitin, yatsunsa suka fara bin Asabar-Asabar da kansu a cikin aljihu, daga wadda ya dawo zuwa wadda ta wuce. Goma. Ya sake bi daga wancan gefen. Goma. Ya tsaya a mataki na ƙarshe kamar wanda ya manta wani abu a sama.

"Na'urar nan," ya ce, yana gyara murya, "ba ta kuskure?"

"Ai sai da na tambaya. Ya ce a irin wannan lokacin ta fi faɗin daidai, in ta kauce ma 'yan kwanaki ne. Shi ya sa suke son a zo yanzu. Me ya faru, Injiniya, kana kishin injin wani?"

Mutum ne da ya yi imani da na'ura fiye da bakin mutane, ya kuma yi imani da yatsunsa fiye da na'ura. Ga su nan duka biyu sun ba da shaida, kuma tsakanin shaidarsu akwai mako biyu, mako biyun da yake can cikin daji yana kwana a ƙarƙashin mota. Sai dutsen nan na shekara takwas ya motsa. Dama ya sani. Dama tun ranar da ya juyo daga ƙofar ɗakin gwaji ya sani ba zai haihu ba.

Da wani mutum ne, da ya yi ihu, ko ya tara dangi. Shi ba haka aka gina shi ba. Kwana uku yana juya abin a gaban inji, laka tana fantsamo masa bai goge ba. Ya tuna shekarun da ta yi tana ɗinka wa jariran mutane riguna tana dariya, ta dawo ɗaki ta yi shiru. Ya tuna ba ta taɓa goranta masa ba, ko a cikin faɗa. A rana ta huɗu ya yanke hukunci shi kaɗai, ba mai gabatar da ƙara, ba mai kare kai: zai rufa mata asiri. Zai karɓi ɗan, ya sa masa suna, ya riƙe shi, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba mai jin komai daga bakinsa. Da ya gama yanke wannan hukunci sai ya ji kansa ya yi girma a idon kansa, irin girman da bai taɓa ji ba ko ranar da aka ba shi inji.

Amma yafiyar da aka yi a ɓoye ba ta kore baƙo daga gida. Tun daga lokacin suka zama su uku a ɗakunan nan biyu, ban da na ciki. Na ukun ba shi da fuska. In Mai Rijiya ya dawo daga aiki, sai ya tsaya a bakin ƙofa kafin ya shiga, yana ji kamar wani ya tashi daga kujerarsa yanzun nan, har yakan taɓa katifar kujerar ya ji ko da ɗumi. Kofin da ya saba sha da shi ya daina yi masa daɗi a baki. Wasan da ta yi masa ranar dawowa, na cewa maigidan ya yi tafiya, ya dawo masa da wata murya dabam, yana bin sa har cikin rurin inji, ta kunnen nan da ba ya jin komai. Hoton kuwa ta soke shi a jikin katakon madubi. In ta shiga wanka sai ya zare shi, ya kai bakin taga, ya ƙura masa ido yadda yake leƙa tsohuwar rijiya, yana neman goshi ko hanci ko haɓar da zai gane. Ba ya ganin komai sai duhu da ɗan farin abu.

Da ya rasa fuska a hoto, sai ya shiga nemanta a titi. Ya auna mai faci na ƙasa, ya ga ya tsufa. Ya auna ɗan mai gidan haya, ya ga ba ya gari. Daga ƙarshe idonsa ya tsaya a kan mai gyaran keken ɗinki, wani dogo mai siraran yatsu da saurin dariya, wanda yake zagayawa da 'yar jakar kayan aiki da gwangwanin mai, yana hawa benaye a lokacin da maza ba sa gida. Ranar da keken ya fara tsinka zare ta ce za ta kira shi, Mai Rijiya ya ce a'a. Ya kwance kan keken daga teburinsa, ya ɗora a ka, ya sauka da shi, ya ratsa unguwa biyu a ƙafa zuwa wani shago. Ta leƙo ta taga tana dariya.

"Jama'a ku zo ku ga gata! Injiniya, in ka dawo ni ma ka ɗauke ni haka!"

Ana cikin haka sakamakon jininta ya fito. Komai lafiya, sai abu ɗaya: tana ɗauke da ƙwayar sikila, ɓari ɗaya, wanda ba ya cutar da mai shi. Ungozoma ta ce a turo maigidan ba da ɓata lokaci ba. In shi ba ya ɗauke da ita, an huta. In yana ɗauke da ita, to ɗan yana iya haɗa biyun, kuma akwai bincike na gaba da shawarwari da suka fi amfani in an yi su da wuri.

Da ya ji kalmar jini, sai tunaninsa ya tafi wani wuri. Ya sha jin direban motarsu, wanda suke kira Dogo, yana baza ilminsa a lokacin hutu, cewa yanzu ɗigo ɗaya ya isa likita ya faɗi uban kowa. Wato ga tarkon da zai tona abin da ya binne: za su ɗebi nasa, su ɗora a kan na ɗan, su ga ba su haɗu ba, su faɗa a gaban mata cike da baranda. Kuma me jininsa zai gaya musu game da ɗan da ba nasa ba? Ya ce aiki ya yi yawa. Mako ya zagayo, ya ce inji ya lalace. Wani makon ya karɓi aikin da ba nasu ba ne, don dai ya fita tun asuba.

"Sista ta ce abin nan lokaci gare shi," ta ce masa wata safiya, tana riƙe da kwalar rigarsa kamar mai gyara ta. "Minti biyar ne fa. Ni kullum sai na ga yaran nan masu kumburin hannu a layin asibiti, in dawo in kasa cin abinci. Ka taimake ni in sani."

"Allah zai kiyaye," ya ce, ya zare rigarsa a hankali. A ransa yana cewa: da kin san abin da nake tare miki.

Hirarta ta ragu. Keken ya koma yin ƙara shi kaɗai. Ya lura da haka, ya fassara shi da cewa laifi ne ke cin ta, har ya ƙara jin tausayinta.

Ana gobe babban hoto, yayarsa ta zo. Mace ce mai jiki, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun daga matakala ake jin hakinta da faɗanta.

"Ina yake, ƙaton banzan? Kai, ɗan gidanmu, ashe har yau kana nan da halinka? Kana fasa dutse, allura ta kore ka?"

"Yaya, aiki ne."

"Aikin gidanku! Ni na goya ka, na san kalar kukanka. Ranar rigakafi daga ƙarƙashin gado aka zaƙulo ka, ka rungume ƙafar gadon kamar ɗan biri. Dubi yarinyar nan yadda ta koma, wuya kamar mariƙin lema. Gobe ƙafata ƙafarka. In ka ga dama ka shige cikin bututunka, zan sa a zuƙo ka."

Ba a yi wa Yaya gardama. Ya kwana da shawarar cewa zai keɓe da ungozomar ya roƙe ta.

A wannan karon an ce ya shiga. Ɗakin duhu ne da sanyi, ba haske sai na allon na'ura. Mai hoton ya shafa mata wani mai a ciki, ya ɗora abin awon yana zagayawa, sai ga ƙashin baya ya bayyana kamar ƙananan tsakuwa da aka jera da hannu, ga zuciya tana buɗewa tana rufewa, ga wani ɗan hannu ya ɗago ya koma. Mai hoton ya ce duk abin da ya duba lafiya, da alama mace ce, mako ashirin. Yatsun Mai Rijiya suka ce goma sha takwas. Tazarar ba ta ragu ba, ba ta ƙaru ba; tana nan tana bin su kamar inuwa.

Ungozomar dattijuwa ce, da tabarau rataye a wuya, ta zare takalmanta a ƙarƙashin tebur saboda kumburin ƙafa. Ta sa matan su jira a waje, ta ɗaure masa dantse da roba.

"Kai ne maigidan da muke ta yi wa aike kamar sarki? Ka san makonnin da ka cinye mata? In kai ma kana ɗauke da sikilar, to ka ƙuntata mana lokaci ƙwarai."

"Sista, ina da roƙo." Ya sunkuyar da murya. "Duk abin da jinin nan ya nuna, ya tsaya tsakanina da ke. Kada ya kai kunnenta, kada ya kai kunnen yayata."

"Sakamakon sikila dole ta sani, cikinta ne."

"Ba shi nake nufi ba. Ɗaya abin."

Ta zare allurar, ta danna masa auduga, ta daɗe tana dubansa.

"Tafiya ka yi?"

"Wata huɗu."

"Ka dawo, ka ƙirga, ka ga mako biyu sun yi rara."

Ji ya yi kamar ta leƙa cikin rigarsa.

Ta ja aljihun tebur ta ɗauko wani ɗan faifan roba mai watanni a bakinsa, ta juya shi a gabansa. "Malam, mu ba daga ranar da ciki ya shiga muke fara ƙirga ba, domin wannan ranar ba mai saninta. Daga ranar farko ta al'adarta ta ƙarshe muke farawa, na'urar ma a kan wannan ma'aunin take ba da amsa. Kusan mako biyun farko na lissafinmu, babu cikin tukuna. Jiki ne ke shiri. In mun ce sha biyu, ciki ya shiga wajen mako goma da suka wuce. Yaushe ka dawo?"

Ya dubi faifan. "Kuna ƙirga abin da babu?"

"Muna ƙirga shi. Haka ake yi wa kowace mace. Jinin nan kuma ba uba yake nema ba, sikila yake nema." Ta mayar da faifan. "Ba kai ne na farko a kujerar nan ba. Na ga wanda ya sallami matarsa kafin ya tambaya. Ka faɗa mata?"

"Ban faɗa wa kowa ba."

"To ka gode wa Allah. Ka bar shi a ɗakin nan, in an zo shara a haɗa da shi. Na roƙe ka, kada ka kai mata shi gida, ko da wasa."

Ya fito baranda. 'Yarsa ce. Shi ne ya haifa. Baƙon da ya zauna masa a kujera wata biyu ya watse kamar hayaƙi, har ya ji kunyar mai gyaran keke. Yaya ta dubi audugar da ke hannunsa ta ce a buga masa tafi, jarumi ya dawo daga yaƙi.

Ya riƙe shawarar ungozoma har ranar da sakamakonsa ya fito. Ba ya ɗauke da komai. Da la'asar ne, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan ƙyallaye, matarsa tana kan keke, dariyarta ta dawo kamar ba ta taɓa tafiya ba.

"Ka ga abin da ka sa na yi ta rama a kansa! Da ka je tun farko. Ni kuwa ina ta kare ka a wurin Sista, ina cewa ki yi masa haƙuri, mijina zaki ne, allura kawai yake tsoro."

Wannan kalma ita ta soke shi. Wata biyu yana ɗauke da kaya mafi nauyi a rayuwarsa, saboda ita, ba wanda ya gani, ba wanda ya yaba. Ga shi za a rubuta shi a tarihin gidan a matsayin matsoraci. Girman da ya ji a gaban inji ya taso masa har wuya.

"Ba tsoron allura ba ne," ya ce.

Ya faɗa mata. Yana murmushi ya faɗa, a matsayin labarin wautarsa, kuma a ƙarƙashin wautar yana jiran ta ga irin mijin da Allah ya ba ta: yadda ya ƙirga, yadda ya yi shiru, yadda ya ƙudura zai karɓi ɗan ko na wane ne, yadda ya ƙi ba da jini don kada a kunyata ta.

Ƙafarta ta tsaya a kan feda. Ba ta juyo ba. Ta cikin madubi take dubansa.

"Wato ka yafe mini."

"Na ce ko da hakan ne, ni zan rufa miki asiri."

"Wane asiri?"

Ya kau da ido daga madubin.

"Da wa?" Muryarta ba ta tashi ba. "Ai ba ni kaɗai zan yi ba. Wa ka zaɓa mini, Injiniya?"

"Ki bar wannan, ya wuce."

Ta sauke ido a kan keken da ke gabanta, ta daɗe tana kallonsa, ta ɗora tafin hannu a kansa.

"Mai gyara," ta ce. "Shi ya sa ka ɗauka a ka. Ni kuwa ina taga ina kiran mutane su zo su ga gata." Ta janye hannunta daga kan keken. "Wata biyu kana cin abincin da na dafa, kana kwana a gefena, kana kallona a haka. Ina roƙonka ka taimake ni, kai kana tausayin mazinaciya. Da ka tambaye ni, da na zage ka, na yi kuka, na kai ka wurin Sista, mu dawo mu ci abinci. Amma ka yi shari'ar, ka kama ni, ka sake ni, ban ma san an shiga kotu ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara bakin rigar da ke ƙarƙashin allura, ta taka feda, ta ƙarasa kalmasa.

Ba ta nemi saki ba, ba ta yi yaji ba, ba ta faɗa wa Yaya ba har yau. Yarinyar ta zo a lokacinta, lafiya lau, gajeruwa mai faɗin goshi, kuma duk wanda ya zo barka sai ya ce ubanta ne kamar an tsaga kara. Duk lokacin da aka faɗi haka, matar takan ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta mayar da kai.

Bayan ta warware ta fara fita, sai ta ɗauki wata ɗabi'a. Ta dawo daga kasuwa ta tsaya a gabansa, jaririya a baya, ta ce: ta fita bayan ya tafi, ta bi ta gaban masu faci, ta sayi zare a shago na biyu, matar mai shagon ce ta ba ta ba mijin ba, ta dawo tare da maƙwabciya, yana iya tambayarta. Ya ce ba ya bukatar wannan. Washegari ta sake. Ya roƙe ta, ya yi fushi, ya durƙusa a kan ƙyallayen nan da gwiwoyinsa ya nemi gafara. Ta ce ta yafe tuntuni, ai ba komai. Kawai ba ta son ya sake wahalar da kansa da lissafi shi kaɗai.

Yanzu yarinyar ta shiga makaranta. Gashin Mai Rijiya ya yi fari a gefe, kuma har yanzu ba a samu wanda ya fi shi sanin inda ruwa yake ba. Matarsa tana hira da kowa kamar da, tana dariya da kowa. Shi ma tana yi masa magana da ladabi, ba ta rage shi da komai ba. Sai dai in aiki ya kai shi nesa, kullum da yamma, kafin a kashe inji, wayarsa takan yi ƙara a aljihu. Ma'aikata sun san lokacin. Dogo yakan leƙo daga kan mota ya ɗaga murya.

"Shugaba, ga ta nan! Shekara nawa da aure, har yanzu ba a iya kwana ba a ji muryarka ba. Ka ba mu sirrin mana, mu namu sai in gas ya ƙare suke kira!"

Sai su yi dariya. Shi kuwa ya goge hannu a wando, ya taka zuwa bayan tulin ƙasa inda ƙara ba ta kai sosai, ya kara wayar a kunnensa mai ji. Ta gaishe shi, ta tambayi aiki. Sannan ta fara: inda ta je, wanda ya shigo, ko mace ce ko namiji, wanda yake wurin ya gani. Yana tsaye yana kallon ƙasa, ba ya katse ta, har ta kai ƙarshe ta tambaye shi ko akwai abin da bai cika ba.